Zanen marinar Ƙofar Mata da ɗan maƙwabcina ya yi min: hannu ya iya, amma raina bai kwanta ba

Baban Walida

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu ido a harkar zane nake nema yau.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kwari. Akwai ɗan maƙwabcina da ya karanci zane a kwalejin ilimi, ya gama, aiki bai samu ba, yana ɗan zana hotunan amare da fensir yana samun na sabulu. Yaro ne mai kunya, a gabana aka haife shi. Na ce ya zana min marinar Ƙofar Mata da fenti, babba, in rataye a ɗan ofishin da ke bayan shago. Abokan cinikina na Damagaram da Agadas a nan suke zama su sha shayi kafin a ɗaure musu kaya, ina so su riƙa ganin abin da ya haɗa kakanninmu da nasu tun kafin shadda ta fara zuwa daga waje. Muka daidaita a kan naira 90,000, na ba shi rabi ya sayi kayan aiki.

Shekaranjiya ya kawo. Faɗinsa ƙafa 4, tsayinsa ƙafa 3, fentin mai ne a kan ƙyalle. A tsakiya wani dattijo ne ya tsuguna a bakin karofi, wato rijiyar rini, ya ɗago zane da hannu biyu har ƙirjinsa, shuɗi sharr, rini na ɗiga. A damansa wani yaro a tsaye yana juya wata rijiyar da doguwar muciya. Bayansu rijiyoyi ne jere har bango, kowacce cike, sannan igiya an shanya zannuwa, da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Fuskokin mutanen bai yi musu ido da hanci ba, ya bar su a shafe. Na ɗora hoton a ƙasa, sai dai waya ta ɗan ƙara masa haske.

Duk wanda ya shigo shago sai ya ce masha Allah, kamar hoto. Ni ma na faɗa. Amma in na zauna ni kaɗai na kalle shi sai in ji wani abu bai zauna ba, na kuma kasa cewa ga shi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sauran kuɗinsa dai zan ba shi, wannan ba ya cikin magana. Tambayata biyu ce: mene ne matsalar zanen nan, in akwai? Kuma yaya zan gaya masa ba tare da na kashe masa gwiwa ba?

Ɗan Karofi

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ban san zane ba, amma a gidan rini na tashi, don haka bari in faɗi abin da idona ya fara cin karo da shi.

Zanen da dattijon nan ya ɗago, ba haka yake fitowa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi mai rai ya san cewa in aka ɗago tufa daga ciki, kore-kore take fitowa, wani lokacin har da ɗan ruwan ɗorawa. Sai iska ta buge ta sannan ta fara juyewa shuɗi a gaban idonka, daga gefe-gefe da kan ninki zuwa tsakiya. Shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a bar ta ta sha iska, a sake tsomawa, ana yi ana yi har launin ya kai inda ake so. Ruwan kansa ma ba shuɗi ba ne a ƙasa. Kumfar da ke sama ce shuɗiya mai duhu, tana da wani ƙyalli kamar na jan ƙarfe, amma in ka kore kumfar gefe za ka ga ruwan kore ne. Da wannan kumfar da warin ne manya suke gane ko baba, wato ganyen rinin, ya nuna, bayan an zuba shi da toka da katsi an bar shi kwana da kwanaki yana ruɓewa ana juyawa. Yaronka ya cika rijiyoyin da shuɗi guda ɗaya, irin na bulan wanki. Wannan shi ne abin da ya fi komai kyau a sana'ar, kuma shi ne babu a zanen.

Sai hannun dattijon. Tas yake, har farce. Mutumin da ya yi shekaru yana rini, in ba safar roba ya sa ba kamar yadda wasu ke yi yanzu, hannunsa baƙi-shuɗi ne har wuyan hannu, farcensa kuwa ko Sallah ta zo ba ya fita. Kuma ba a ɗaga tufa mai nauyi har ƙirji haka, sai ka jiƙe kanka ka kuma zubar da rini a banza. A bakin rijiyar ake murza ta, ana jan ta kaɗan-kaɗan, ana matsewa.

Ja da ruwan ɗorawan da ke kan igiya ba daga karofi suka fito ba, rinin bature ne na tukunya. Ana samunsu a wurin, ban ce ba a samu ba, amma shi ya ba su wuri har sun fi shuɗin ɗaukar ido.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ya ɗan sosa min rai. Ya cika kowace rijiya. Alhaji kai ma ka san ba haka wurin yake ba. Allon ƙofar ya ce tun 1498 ake rini a nan, amma yau rijiyoyin da suka bushe sun fi masu aiki yawa nesa ba kusa ba, wasu an rufe da murfi, wasu ƙasa da leda sun cike su. In zanen na da ne, to me ya kawo rinin bature da igiyar roba? In na yau ne, ina busassun? Ya tsaya a tsakiya, ba da ba, ba yanzu ba.

Amma tsugunon dattijon ya same shi. Haka babana yake zama, nauyi duk a kan dugadugai, gwiwa a hammata. Wannan kam na ba shi.

Malam Mai Alli

Alhaji barka da ƙoƙari, samun mai sayen zane da kuɗinsa a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ni malamin zane ne a sakandare, a Zariya na yi karatu. Na buɗe hoton a kwamfuta na dube shi da kyau.

Ɗan Karofi ya gama rabin aikin, domin duk abin da ya lissafa tushensa ɗaya ne: yaron nan ba marina ya zana ba, hotunan marina ya zana. Kuma ba hoto ɗaya ba. Duba inuwar dattijon, hagu ta faɗi. Duba ta yaron mai muciya, dama ta faɗi, kuma gajera ce, ta tsakar rana. Rana ɗaya ba ta yin haka. Mutum biyun daga hotuna biyu aka ɗauko su aka haɗa a fili ɗaya. Ba laifi ba ne mai zane ya haɗa abubuwa daga wurare daban-daban, kowa yana yi, amma sai ka zaɓi inda ranarka take ka sa kowa ya bi ta.

Abin da nake zaton shi ne yake damunka, kai da ba ka iya ba shi suna ba, bakin rijiyoyin ne. In kana tsaye kana kallon rijiyoyi jere a ƙasa, wadda ke kusa da ƙafarka za ka ga bakinta a buɗe, kusan da'ira. Ta bayanta ta ɗan matse. Ta can nesa ta zama kusan layi. Shi kuwa ya yi musu buɗi iri ɗaya tun daga gaba har bango, girman kawai ya rage. Sakamakon haka ƙasar ba ta kwanta ba, ta miƙe tsaye tana fuskantarka kamar faifan da aka karkata, kana jiran gero ya zube. Shi ya sa mutanen suke kamar za su zamo su faɗo cikin ofishinka. Ido yana jin wannan ko da mai idon bai san dalili ba.

Na biyu, komai a zanen ƙarfinsa ɗaya. Tsagar bangon da ke can baya ta fito tar, daidai da yatsun dattijon da ke gaba. Kyamarar waya ce ke yin haka, ita ba ruwanta da abin da ya fi muhimmanci. Idon mutum kuwa abu ɗaya yake kamawa, sauran su dusashe. Musamman a Kano, inda ƙura kan sa abin da ke nesa ya yi fari-fari, launinsa ya yi sanyi. Da ya sassauta bayan, ya kashe jan nan da ruwan ɗorawan da ke kan igiya, da idonka ya tafi kai tsaye kan hannun dattijon ya zauna. Yanzu ido yawo yake yi bai sami masauki ba. Ga gwaji mai sauƙi: ɗauki hoton zanen ka mayar da shi baƙi da fari a waya. Za ka ga rigar dattijon da ƙasar da bangon duk sun zama toka iri ɗaya. Launi ne kaɗai ya raba su, ba haske da duhu ba, kuma zanen da ya dogara da launi kaɗai ba ya tsayuwa daga nesa.

Na uku, inuwarsa baƙin fenti ne zalla daga kwalba. Fita ka dubi inuwa a kan jar ƙasa da hantsi, ba baƙa ba ce, tana da shuɗi da ɗan ja a ciki. Baƙi zalla yana huda zane ne, ya bar rami.

Kan shuɗin kuma, ina so yaron ya nemi ayyukan Yusuf Grillo a intanet ya zauna da su. Grillo yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, tun makarantar tana kwalejin fasaha, kafin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ya rasu a 2021, kuma da shuɗi aka san shi. Za ka ga zane kusan gaba ɗayansa shuɗi ne, amma wani ya karkata zuwa kore, wani zuwa ja, wani ya yi toka, wani ya yi duhu har ya kusa baƙi, kuma da su kaɗai ya gina jiki da tufa da nisa. Abin da waɗannan ɗalibai suka tsaya a kai shi ne mutum ya koyi dabarun da Turawa suka kawo, amma ya cika su da abin gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. To ɗan Kano da aka ba shi marina, an ba shi shuɗin da ya fi na kowa tarihi, ya je ya matso launi ɗaya daga kwalba ya shafe. Nan ne na ji haushi, ba don bai iya ba, sai don ya iya.

Domin ya iya ɗin. Bayan dattijon nan, daga wuya zuwa ƙugu, yadda rigar ta ja a kafaɗa ta saki a ciki, ba kowane mai digiri ne zai fitar da shi ba. Hannu yana da shi. Zama ne bai yi ba.

Yadda za ka gaya masa: kada ka ce “bai yi ba”, kada kuma ka ce “ya yi” ka yi shiru. Fara da bayan dattijon, ka nuna masa da yatsa cewa ka gani. Sannan ka yi masa tambaya maimakon hukunci: rana tana ina a zanen nan? Zai duba, zai gane da kansa.

Usta Mai Fenti

Malam, da girmamawa, kun cika son wahalar da yaro. Ni allon shaguna da bayan manyan motoci nake zanawa tun kafin a fara buga banar talla da inji, kuma abin da na sani shi ne mai kaya shi ne alƙali. Alhaji ya ce duk wanda ya shigo sai ya yaba. To me ake nema kuma?

Kun san nawa ake sayar da kwalbar fentin mai yanzu? Cikin 45,000 da aka ba shi zai sayi ƙyalle, ya ba kafinta ya haɗa katako, ya sayi fenti da burushi da man gauraya. Shuɗi kala nawa kuke so ya saya da canjin? Grillo da kuke kira a Legas ya zauna, yana koyarwa a Yaba, masu kuɗi na layi. Wannan yaron a ɗakin zaure yake aiki da fitilar waya.

Batun busassun rijiyoyi kuma, Ɗan Karofi, wa zai biya kuɗi a zana masa rami cike da leda ya rataye a inda yake karɓar baƙi? Ni in mai mota ya ce in zana masa zaki, ba na zana ramamme don wai haka na gidan zu yake. Alhaji alfahari ya saya, ba rahoto ba.

Inda na yarda da Malam shi ne bakin rijiyoyin. Wannan kam kuskure ne, ko a wurinmu in ka zana kofin shayi a allon mai shayi ka yi bakinsa da'ira sosai, yaran unguwa ma sai sun yi maka dariya.

Maman Hanif

Ni fuskokin ne suka tsaya min, kuma ban ga wanda ya taɓa su ba. Na san dalilin da ya sa wasu masu zanenmu ke barin fuska a shafe, saboda hadisan da suka zo a kan masu yin sura, kuma wannan tsakaninsa da malamansa ne, ba zan shiga ba. Amma Alhaji ya ce yaron yana zana amare da fensir, ido da gira da komai. To ba tsoron hukunci ne ya hana shi a nan ba. Ko dai ya yi ne don ofishi ne da ake salla a ciki, ko kuma fuska da fentin mai ta fi ƙarfinsa ya gudu. A tambaye shi.

In ma da niyya ya yi, shafewar ba ta yi kyau ba, domin ya fitar da kowace tsaga ta bango sannan ya zo kan mutum ya goge. Da dattijon ya sunkuyar da kai hula ta rufe fuskar, ko ya juya baya, ba wanda zai lura.

Sannan zannuwan da ke kan igiya, waɗancan ƙulle-ƙullen masu zagaye, mata ne ke zama a gida su ƙulla su da zare kafin a kai marina. Ya zana su kamar an buga da hatimi, duk girmansu ɗaya. Aikin hannu ba ya fita haka, kowane ƙulli da ɗan bambancinsa, kuma shuɗin kan ɗan kutsa cikin farin.

Baban Walida

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Jiya da daddare na kira shi shago bayan an rufe, na ba shi cikon kuɗinsa tukuna, sannan na yi yadda Malam ya ce. Da na tambaye shi ina rana take, ya daɗe yana kallo, sai ya yi dariya ya rufe baki. Ya ce hotuna uku ya haɗa. Rijiyoyin ma bai yi musu ba. Fuska kuwa, Maman Hanif, ya ce saboda ya san ina salla a ofishin ne.

Amma kan koren ya ba ni amsar da ban zata ba. Ya ce Baba ai na sani, na je wurin, na ga yadda yake fitowa kore. Har ya fara sa koren, sai wani abokinsa ya ce masa mai sayar da yadi zai ce ba ka san launin rini ba, kowa shuɗi ya sani. Shi ne ya bi ya shafe da shuɗi. Ya nuna min gefen zanen da dattijon ya riƙe, wajen babban yatsa, in ka matsa kusa akwai ɗan kore da ya leƙo ta ƙasa.

Yanzu ya ce in ba shi ya tafi da shi ya gyara. In ba shi?

Malam Mai Alli

Kada ka ba shi, Alhaji. Rijiyoyin ba sa gyaruwa sai an rushe ƙasar gaba ɗaya, kuma fenti a kan fenti a hannun wanda ransa ya ɓaci laka yake zama. Bar wannan yadda yake, ya sa hannu da shekara a ƙasa. Kada kuma a shafa masa man ƙyalli yanzu, fentin mai yana son kamar wata 6 kafin ya bushe har ciki. Ka nisanta shi da inda ake dafa shayin.

Usta, ka ji dai, ba kuɗin fenti ne ya hana ba. Koren yana hannunsa, ya sa, ya goge saboda tsoron mai saye, alhali mai sayen shi ne ya zo nan yana cewa wani abu ya ɓace. Kuma kala uku na shuɗi ba sai an sayi kwalba uku ba, ɗaya ta isa in akwai fari da ja da ruwan ɗorawa.

In kana da hali Alhaji, ba shi ɗan wani abu ya yi maka ƙanana guda biyu ko uku, kowanne bai wuce tafin hannu biyu ba, a wurin, ba daga waya ba. Hannu da tufa da bakin rijiya kawai. Wanda ya fi kyau a ciki shi za a mayar babba.

Ɗan Karofi

In zai je ya je da hantsi, lokacin ne ake tsomi sosai kuma rana ba ta daki ruwan ba. Ya fara gaida dattawan wurin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ɗan ajiye na goro, domin sun gaji da masu zuwa su ɗauki hoto su wuce. Ya sa tsofaffin kaya, rinin ba ya fita. In ya gama da nan ya leƙa wajen masu bugu ya ga yadda shuni ke sa turkuɗi ƙyalli a ƙarƙashin taɓarya, irin wanda mutanen Agadas ɗinka ke naɗawa. Wannan shuɗin daban ne da na rijiya, yana komawa ja-ja in haske ya taɓa shi, kuma baƙinka za su gane shi tun daga bakin ƙofa.